FILIN ABIN HAWA: Tsohon babur ya ƙi tashi, laifin karbirato ne ko na wuta?

A wannan mako filinmu zai waiwayi tsohon babur, abin hawan malamin lakwal da ma'aikacin biro da ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye. Dalili kuwa shi ne wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garejojinmu tun daga Yamai har Damagaram. Da zarar an turo babur ya ƙi tashi, tun mai shi bai gama share gumi ba, sai ka ga yaron gareji ya ɗauki turnabis ya nufi karbirato. A kwance, a wanke da mai, a busa, a mayar, a karɓi kuɗin aiki. Babur ya tashi, mai shi ya yi godiya ya tafi. Bayan kwana biyu ya sake mutuwa a kan hanyar Tibiri ko ta Mirya, ga buhun kaya a baya, ga rana tsaka, kasuwa kuma tana can tana watsewa. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki: cutar tana ga wuta, an je ana yi wa karbirato magani.

Ba muna cewa makanikai macuta ba ne. Ruɗanin yana da tushe, domin alamomin cututtukan biyu kusan ɗaya suke: tari, shaƙewa, yankewa idan an ja totur, da baƙin buji. Wutar da ta yi rauni ba ta ƙone mai duka, sai buji ya jiƙe ya yi baƙi, wanda ya gani kuma ya rantse mai ne ya yi yawa. Abin da ke ƙara ɓatar da mutane shi ne babur yakan tashi bayan an wanke karbirato ko da ba shi ne mai laifi ba, saboda a cikin rabin awan da aka ɗauka ana kwancewa da mayarwa injin ya huce, buji ya bushe. Makaniki ya ga nasara, mai babur ya ga nasara, alhali cutar tana nan kwance tana jiran injin ya sake ɗaukar zafi.

Baburan da muke magana a kai su ne irin su Yamaha Mate, da ƙaramar Honda ta gidan Super Cub wadda aka fara ƙerawa a Japan tun 1958, da Peugeot 103 da ta fito daga Faransa a 1971, da kuma Honda CG125 ta 1975. Ita wannan ta ƙarshe da gangan aka tsara ta domin ƙasashen da ƙura ta yi yawa kuma ba a cika canza baƙin mai a kan lokaci ba, shi ya sa da yawa daga cikin baburan ƙasar Sin da suka cika titunanmu injinsu kwafin nata ne. Saboda haka wanda ke hawan na Sin ma maganar ta shafe shi. Tun karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100 a dare ɗaya, kayan gyara na asali suka yi wa mai ƙaramin albashi nisa, kasuwa ta cika da masu kama da su. A irin wannan hali, canza abin da bai lalace ba hasara biyu ce: ka biya kuɗi, kuma ka fitar da tsohon ƙarfe mai nagarta ka sa wanda bai kai shi ba.

Kowane inji abu huɗu yake buƙata kafin ya yi numfashi, watau mai, da iska, da matsi, da wuta a daidai lokacinta. Mai hankali yana fara bincike daga abin da ba ya cin ko dala. Ka zare tiyon da ke kai mai ga karbirato, ka buɗe famfon tanki: ya kamata mai ya zubo miƙe, ba ɗigo-ɗigo ba. Sa'an nan a ƙasan karbirato akwai ɗan kwano inda mai ke taruwa, da wata kusa ta zubar da shi. Ka sassauta kusar, ka tari abin da ya fito cikin kofin gilashi irin na shayi, ka ɗaga shi ga haske. Ruwa ya fi mai nauyi, in akwai shi za ka gan shi kwance a ƙasa kamar ƙwayar dutsen ado, tare da tsatsa ko rairayi in suna nan. Idan mai ya fito garau kuma da yawa, to, karbirato ya amsa tambayar farko ba tare da an kwance shi ba. Ka ɗaure kusar, ka goge abin da ya zube, ka koma wajen buji.

Buji shi ne mai ba da shaida a kan abin da ke faruwa cikin injin, in an iya karanta shi. Bakinsa in ya yi launin ƙasa-ƙasa, kamar soyayyar gyaɗa, injin yana cin abincinsa daidai. In ya yi baƙi busasshe kamar gindin tukunya, ko dai mai ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan, ko wuta ta yi rauni. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, kuma wannan ita ce alamar da ta fi kowace haɗari, za mu dawo kanta. In kuwa ka buga kik sau goma ka kwance shi ka tarar ya jiƙe da mai sharkaf, to, mai yana isowa, wuta ce ba ta zo tarbarsa ba. Tazarar da ke tsakanin haƙoransa biyu a yawancin waɗannan ƙananan babura milimita 0,6 zuwa 0,7 ce, kuma tana buɗewa da tsufa. Kowane inji kuma da lambar bujinsa. Sa wanda zarensa ya fi tsawo don kawai ya shiga ramin, kasada ce da kan fistan.

Gwajin wuta kowa ya san shi: a mayar da buji cikin hularsa, a ɗora ƙarfensa a jikin injin, a buga kik. A yi shi cikin inuwa, nesa da ramin buji da kuma inda mai ya zube, kada kuma wani ya tsaya kusa da sigari a baki. Wuta mai lafiya shuɗiya ce, tana yin ƙara ƙas-ƙas; ja ko rawaya mai laɓe-laɓe ta gaza. Sai dai ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Tsallaka wannan ƴar tazara a sararin iska abu ne mai sauƙi, tsallaka ta cikin injin, inda iska ke matse, ya fi wuya ƙwarai. Wutar da ta yi kyau a ido a waje tana iya kasawa a ciki. Saboda haka gwajin da ya fi gaskiya shi ne a cire hular, a riƙe wayar da busasshen tsumma, a kusantar da bakinta ga jikin injin da tazarar kamar milimita 6, a buga. Idan ta tsallaka wannan, wuta ta kuɓuta daga zargi. Idan ba ta tsallaka ba, kada a taɓa karbirato tukuna. Kafin a je nesa ma a dubi ita hular: da murɗawa take kama wayar, kuma bakin wayar yakan ci tsatsa ya yi kore. Yanke santimita ɗaya daga bakin a sake murɗa hular ya tayar da babura da dama da aka riga aka yanke wa hukuncin sayen sabon bobin. Hular da ta tsage kuwa da rani ba ta nuna kanta, sai damina ta faɗi.

Tsofaffin babura na farko suna da wasu ƙananan haƙora biyu a bayan faifan nan mai maganaɗisu da ke juyawa a gefen injin, waɗanda makanikai ke kira filatin. Buɗewarsu ce ke aika wuta ga buji. Tazararsu idan sun buɗe sarai milimita 0,3 zuwa 0,4 ce, amma ɗan ƙafar da ke tura su yana cinyewa a hankali, tazarar ta ragu, wuta ta riƙa zuwa a makare. Babur ya rasa ƙarfi, ya riƙa zafi, ya riƙa wuyar tashi, duk a ɗora wa karbirato. Tsofaffin makanikai suna da dabarar da ba ta buƙatar na'ura: a sa siririyar takardar sigari tsakanin haƙoran, a juya faifan a hankali da hannu, lokacin da takardar ta fara sakin jiki ya kamata alamar F da ke jikin faifan ta yi daidai da tsagar da ke jikin injin. In an ga haƙoran sun ƙone sun yi ramuka, ko suna tartsatsi mai yawa idan injin yana aiki, kwandansa ce ta mutu, kuma canza filatin a bar ta aikin banza ne, domin za ta sake cinye sababbin. Abin takaici shi ne masu sanin wannan aiki suna ƙarewa, yaran yanzu a kan akwatin CDI suka buɗe ido.

Shi wannan akwatin ba a gyara shi a gareji, a rufe yake da danƙo. Hanyar gane lafiyarsa ita ce a ari na wani babur irin naka mai aiki a gwada, kuma makanikin da ya ce ka sayi sabo ba tare da wannan gwaji ba, ƙuri'a yake bugawa da kuɗinka. Kafin ma a kai ga nan, a tuna cewa a yawancin waɗannan babura makulli yana kashe injin ne ta hanyar zubar da wutar a jikin ƙarfe. A tsarin Honda da masu kwaikwayonta, wayar da ke wannan aiki baƙa ce mai ratsin fari, koriya kuma ita ce ta jikin ƙarfe. Idan gidan makulli ya sha ƙura da ruwa, ko baƙar wayar ta goge a wuyan babur inda kai ke juyawa, sai injin ya zama a kashe ko da makulli yana buɗe. A zare wannan waya daga akwatin a buga kik. In wuta ta dawo, an gano ɓarawon. Haka kuma a kwance inda koriyar waya ke ɗaure a jikin ƙarfe a kankare tsatsa har ƙarfe ya yi haske.

Akwai wata cuta da ta fi kowace wahalar da matafiya, musamman a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Babur ya tashi lafiya da safe, ya yi tafiyar minti goma sha biyar ko ashirin, sai ya fara yankewa ya mutu. A zauna ƙarƙashin gawo a huta, a buga, ya tashi kamar ba shi ba, a yi gaba kaɗan ya sake. Abu biyu ne ke kawo wannan, kuma ba su da dangantaka da juna ko kaɗan. Na farko bobin ne da ya tsufa: siririyar wayar da ke naɗe a cikinsa tana rabuwa idan ta ɗauki zafi, ta sake haɗuwa idan ta huce. Na biyu ƴar hudar da ke murfin tanki ce ta toshe da ƙura. Mai ba ya sauka sai iska ta shiga ta maye gurbinsa, kamar yadda ruwa ba ya fita daga gwangwanin da aka huda wuri ɗaya. Rarrabe su ba ya yiwuwa a gareji bayan injin ya huce, sai a kan hanya, a daidai lokacin da ya mutu. Ka buɗe murfin tanki nan take ka saurara: in ka ji ya ja iska, kuma babur ya tashi bayan ɗan lokaci kaɗan ya ci gaba da tafiya muddin murfin yana sassauce, ka sami amsa, allura ɗaya ta isa magani. In ba haka ba, ka kwance buji da zafinsa ka gwada wuta. Rashinta a wannan lokaci, da dawowarta bayan an huce, shaida ce a kan bobin ko naɗin wayar da ke bayan faifai. Wannan bayani in ka kai wa makaniki ka rage masa rabin aiki, ka rage wa kanka yawon saye-saye.

Game da batir, yawancin waɗannan ƙananan babura wutar bujinsu daga faifan maganaɗisu take zuwa, shi ya sa suke tashi da kik ko batir ya mutu. Wannan ne ya sa wasu ke cire shi gaba ɗaya su jefar, daga baya su riƙa mamakin yadda ƙwan fitila ke ƙonewa kowane mako. A tsofaffin babura masu bolt 6 batir ne ke shanye rarar wuta idan injin ya yi gudu. Batir mai bolt 12 in ya cika yana nuna wajen 12,6 a mitar awo, idan injin yana aiki kuma tsakanin 13,5 da 14,5. Ruwansa in ya ragu, tataccen ruwa ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ba. Fis da ya ƙone a nemi dalilinsa. Ɗaure wurin da wayar ƙarfe ko takardar azurfar kwalin sigari shi ne ke ƙone wayoyin babur duka.

To, idan wuta ta tsallake duk wannan bincike, yanzu ne karbirato ya cancanci a buɗe shi. Aikinsa haɗa iska da mai, kusan awo 15 na iska ga awo ɗaya na mai idan an bi nauyi, kuma yana yin haka ta ƙofofi uku. Ƙaramin jikler shi ke ciyar da injin daga ralanti zuwa kamar rubu'in totur, allura ta karɓa daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu, babban jikler ya ɗauki sauran. Saboda haka inda babur ke shaƙewa shi ke nuna ƙofar da ta toshe. Wanda ba ya tsayawa a ralanti sai an riƙe masa totur, amma yana gudu lafiya a kan kwalta, ƙaramin jikler ne, shi ya fi kowane ƙanƙantar huda kuma shi ke fara toshewa. Wanda ya gyaru da zarar an ja cok, mai ne ya yi masa kaɗan. Wanda ralantinsa ke hawa sama ya ƙi saukowa bayan an saki totur, a dubi robar da ke haɗa karbirato da injin, zafin rana yana tsattsaga ta iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya. Wanda ke ɗigar da mai a ƙasa idan an ajiye shi, ƴar allurar da ke rufe ƙofar kwano ce ta cinye ko datti ya tokare ta.

Roƙo ɗaya muke yi ga yaran gareji: jikler tagulla ne, mai taushi, kada a zura masa allurar ɗinki ko wayar birki. Hudar da aka faɗaɗa ba ta komawa, babur zai riƙa shan mai har ranar da aka canza ta. A jiƙa shi cikin mai mai tsabta, a busa da famfon iska, a ɗaga ga rana a ga haske ya ratsa. Kusar iska kuwa, kafin a kwance ta a ƙirga zagaye nawa take daga rufe, a mayar da ita yadda aka same ta. A yawancinsu wajen zagaye ɗaya da rabi ne mafari.

Dattin da ke toshe waɗannan ƙofofi daga tanki yake zuwa. Shekaru da dama man kwalba na ƴan ruwa-ruwa, wanda ake shigowa da shi ta Ɗan Isa ko Ƙonni ko Magarya, shi ne abincin baburanmu saboda araha. Matatar SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011, da janye tallafin mai da gwamnatin Najeriya ta yi a watan Mayun 2023, sun sauya wannan lissafi, amma mai bin ƙauyuka har yanzu kwalba ce tashar mansa. Galibi matsalar tana ga jarka da mazurari da kwalbar da ta wuni a buɗe cikin ƙura, sai kuma wanda aka gauraya da kananzir, mai sa wuyar tashi da hayaƙi da ƙwanƙwasar inji. Ɗan ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari, da ƴar matatar roba a tsakiyar tiyo, sun fi wankin karbirato goma araha. Ma'aikacin da zai tafi hutu ko aka tura wani gari na watanni, ya rufe famfo ya zubar da abin da ke kwano kafin ya jingine babur, domin man da ya daɗe yana bushewa ya bar danƙo a cikin hudojin.

Mun ce za mu dawo kan farin buji. Wata dabara ta yaɗu, musamman tsakanin ƴan kabu-kabu, har ta kai ga ma'aikata idan wata ya yi nisa: a sa makaniki ya sauke allura ko ya sa ƙaramin jikler a gurbin babba, wai don babur ya daina shan mai. Gaskiya ne lita za ta ƙara nisa kaɗan. Amma waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su, kuma man da ke shiga yana daga cikin abin da ke rage musu zafi. Injin da aka hana mai yana ƙuna fiye da kima, bawul ya ƙone, fistan ya kame ko ya huje. A baburan da ake gauraya wa baƙin mai cikin tanki, irin su Peugeot 103, abin ya fi muni, domin rage mai rage man shafawa ne a lokaci guda. Abin da aka tara na wata shida a dala-dala sai a biya shi rana ɗaya a jika-jika. Haka nan masu cire matatar iska da hunturu don babur ya "buɗe": ƙurar da ke shiga kai tsaye tana cin ringi da bangon silinda kamar takardar gugar katako. Matatar soso wanke ta ake yi, a bar ta ta bushe, a shafa mata baƙin mai kaɗan a matse. Ta takarda ba ta son ruwa, kakkaɓewa ake yi ko a canza.

Ya rage matsi. Idan wuta tana nan, mai yana nan, iska tana nan, amma kik yana sauka ba nauyi, ka toshe ramin buji da babban yatsa a buga: inji mai lafiya zai ture yatsan da ƙarfi. In bai ture ba, kafin a yi maganar ringi a fara auna tazarar bawul da injin a sanyaye, milimita 0,05 a ƙananan Honda, 0,08 a CG125, domin bawul da ya matse ba ya rufewa sarai. Abin da ya wuce wannan aikin buɗe inji ne, shi kuma za mu ɗauka a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.